Darasi Na 9: Babur Ɗin Daji Mai Matsakaicin Ƙarfi

To jama'a, yau kan babur ɗin daji muke, wato irin dogon nan mai tayoyi masu ƙuraje da aka ƙera don tudu da yashi da laka, ba don kwalta ba. Akwai ƙanana na yara, akwai na tsere masu zafin kai, sai na tsakiya wanda shi ne namu, girman injinsa daga cc 230 zuwa 300 haka (cc ma'aunin girman inji ne). Misali Yamaha TT-R230, da Kawasaki KLX230R, da Honda CRF250F da ya zo a samfurin 2019 ya gaji CRF230F. Duk ukun iska ce ke sanyaya injinsu, babu radiyetar da za ta fashe in ka faɗi kan dutse, kuma maɓalli kawai za ka danna su tashi, ba sai ka yi ta dukan kik kana haki ba.

Ga inda karatun da muke koyo zai yi maka rana. CRF250F da CRF250R harafi ɗaya ne ya raba su, amma mai R ɗin na tsere ne, ƙarfinsa kusan ninki biyu, gyaransa ma ba ya ƙarewa, wanda bai goge ba in ya murɗa masa totur sai dai ya ga sama. Shi kuwa KLX230R ga R a jikinsa amma mai sauƙin kai ne, don haka a karanta sunan duka, kar a tsaya a rabi.

Kafin ka saya hau ka zauna tukuna. Tsayin sirdin daga ƙasa ya kai wajen santimita 87 zuwa 92, nauyi kusan kilo 120, in yatsun ƙafarka ba sa taɓa ƙasa to ka sake tunani, don ranar da ya kwanta kai za ka ɗaga abinka.

Yanzu hawan. Abin da ya fi ba sababbi wuya shi ne tsayuwa. A daji yawanci a tsaye ake tuƙi, ƙafa kan mataki, gwiwoyi a ɗan lanƙwashe sun matse tanki, hannu a sake ba a ƙanƙame ba, sai babur ɗin ya yi ta tsalle-tsallensa a ƙarƙashinka kai kuwa jikinka na nan daram. Ni farkon hawana zama na yi kamar buhu, na shiga yashi na tsorata na saki totur, gaba ya nitse, sai ga ni a ƙasa baki cike da ƙasa, babur na kwance tayarsa na ta juyi ita kaɗai. Ashe a yashi baya ake ja da jiki a riƙe wuta daidai don tayar gaba ta yi sauƙi. Hawan tudu ka kawo ƙirji gaba, gangara ka koma baya da ƙaramar giya, birkin gaba da yatsa ɗaya ko biyu a hankali, ba cafka ba. Sannan ido. Inda ka kalla can za ka nufa, in ka zuba wa dutse ido wallahi shi za ka doka, kalli hanyar da ke gefensa.

Hular kwano, tabarau, safar hannu, dogon takalmi mai tauri da makarin gwiwa, babu ciniki a nan. Kar ka shiga daji kai kaɗai kuma. Yawancin waɗannan baburan ba su da sigina da lamba, doka ba ta yarda su hau titi ba a ƙasashe da yawa.

Kula da shi ba wuya, amma filtar iska ita ce ran injin. Soso ce, bayan hawa cikin ƙura ka cire ka wanke, ta bushe sarai, ka shafa mata man filta ka matse, kar ka murɗe ta don yagewa take. In ƙura ta wuce ta kuwa fistin da silinda take ci a hankali har ƙarfi ya tafi. Canjin baƙin mai yawanci da awa ake lissafa shi, duba littafin babur ɗinka. Sarƙa a wanke a sa mai, kar a ɗaure ta tamau. Iskar taya wajen psi 12 zuwa 15 ta isa (psi ma'aunin iskar taya ne).

Aikin wannan mako: nemi fili, ajiye duwatsu biyu da tazarar taku 15, ka zagaya su kamar kana rubuta lamba 8, a giya ta ɗaya, a tsaye, ba tare da sa ƙafa a ƙasa ba. Rubuta a littafinka sau nawa ka zagaya kafin ƙafar ta sauka, ka zo da shi aji.