Darasi na 9: Wake, Maganin Ƙwari da Takardar Hukuma

Duk wanda ya fita daga birnin Kano ta hanyar Katsina ya san kasuwar Dawanau. A nan ake lodin wake da riɗi da zoɓo da citta da ƙaro. Wasu motocin kudu suke nufa, wasu Nijar, wasu kuma tashar jirgin ruwa ta Legas, inda ake tsallakawa da kayan zuwa ƙasashen waje.

Amfanin gona ba ya tsallaka iyaka haka kawai. Gwamnatin tarayya tana da hukuma mai suna NAQS. Aikinta shi ne duba lafiyar tsirrai da dabbobi da kifi, masu shigowa ƙasar nan da masu fita. Jami'anta suna filin jirgin sama na Malam Aminu Kano, suna tashoshin ruwa, suna kan iyakoki. Idan ɗan kasuwa zai fitar da kaya, sai su duba, su ɗebi kaɗan a gwada. In babu ƙwaro, babu cuta, a ba shi takardar shaidar lafiyar kaya. In babu wannan takarda, ƙasar da aka kai wa kayan tana da ikon mayar da su ko ta lalata su.

Wasu suna ganin wahalar da mutane kawai ake yi. To, ku ji abin da ya sami wakenmu. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya. Dalili? An yi ta samun maganin ƙwarin nan da muke kira fiya-fiya a jikinsa, fiye da kima nesa ba kusa ba. An ƙara wa'adin hanin ba sau ɗaya ba. Masu zuba maganin a cikin wake ne suka yi ganganci, amma da manomi da dillali da ɗan dako duk sun ji a jikinsu. Zoɓo ma ya taɓa shiga irin wannan hali, lokacin da Meziko ta dakatar da sayensa saboda ƙwaron da aka gani a cikin kaya.

Ga abin da ya fi damuna. Waken da Turawa suka ce ba sa so bai ɓace ba. Irinsa ne ake auna mana a kwano. Da shi ake ƙosan da yaro zai karya kafin ya tafi makaranta, da alalar da ake kai wa mai jego. Fiya-fiya guba ce, ba a yi ta don a kwaɓa da abinci ba. Tun 2019 hukumar NAFDAC, mai kula da ingancin abinci da magunguna, ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a shaguna da kasuwanni.

Mai sito zai ce, "To Malam, in ban zuba magani ba, ai kafin wata uku ƙwaro ya mai da waken gari." Gaskiya ne, Alhaji, ƙwaro ba ya jira. Amma akwai hanya: buhun PICS mai ninki uku, leda biyu masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje.

Ka fara shanya waken ya bushe sarai. Ka ciza ƙwaya ɗaya. In ta ce ƙas ta tsage, ya bushe. In haƙori ya nutse, a mayar rana. Ka sheƙe, ka tsince. Ka duba ledojin da kyau, domin hudar da ba ta fi bakin allura ba tana ɓata aikin. Ka zuba waken a ledar ciki, ka matse iska ta fita, ka murɗe baki, ka lanƙwasa, ka ɗaure tamau. Leda ta biyu ma a ɗaure ta daban, sannan buhun waje. Ƙwaron da ke ciki rashin iska ke kashe shi, ba sai da ɗigon magani ba. A ɗora buhun kan katako, nesa da bango da ɓera, kuma kada a riƙa buɗewa ana leƙe.

Aiki: Rubuta sunayen kayan gona uku da ake fitarwa daga Dawanau. Gobe ka zo da kwalba ko ledar wani maganin gona, a wanke, a rufe. Za mu nemi lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi a jikinta, kowa ya karanta tasa da ƙarfi.