Gadon jariri: kurakuran da muke tafkawa tun daga wajen kafinta har zuwa shimfiɗa

Lokacin haihuwata ta fari hoto kawai na nuna wa kafinta a waya nace irin wannan nake so, fari da ruwan gwal, da wani kambi a saman kai kamar kujerar amarya. Ya yi shi kuwa ya yi kyau, duk wadda ta shigo barka sai ta tambayi inda aka yi min. Ranar suna yayar maigidana, wadda ma'aikaciyar jinya ce, ta tsaya tana kallon gadon bata ce komai ba, can ta ɗauki gwangwanin lemo cikin na baƙi ta tura shi tsakanin sandunan gefen, ya wuce sumul ya faɗa kan katifa. Tace maijego zo ki gani, in dai gwangwani ya wuce to jikin yaronki ma zai wuce, kansa ne kawai ba zai wuce ba. Wallahi ranar haushinta naji, ga mutane cike da ɗaki. Sai daga baya na gane taimakona ta yi.

To daga nan zan fara, don shi ne kuskuren da ya fi yawa a gadajen da kafintocinmu ke yi. Ratar da ke tsakanin sanda da sanda kada ta wuce santimita 6, wajen inci biyu da 'yan kai kenan. Kafinta shi yana faɗaɗa ratar ne don ya rage cin katako kuma a ido ya fi kyau, amma jariri in ya fara mutsu-mutsu ƙafafunsa ne ke fara zurarewa ta ramin, sai ƙugu, sai ƙirji, kinsan kuma kan jariri ya fi jikinsa girma, sai ya tsaya a maƙale jiki na lilo a waje. Gyaran ba wuya, ki tafi kasuwa da tef ɗin awo na tela a jaka, in kin manta da shi sai ki sayi lemon gwangwani ki gwada a gaban mai kayan. In an riga an yi gadon kamar nawa a kira kafinta ya ƙara sanda a tsakiyar kowace rata, kada ki ce za ki toshe da zani ko kwali, wannan wata matsalar ce kika ƙaro. Haka su zanen zuciya da tauraro da ake fafewa a allon kai da na ƙafa, duk ramin da hannu ko kai zai shiga ya maƙale kada a yi shi kawai.

Kambin nan nawa ma sai da aka yanke shi. Duk wani tsini ko ƙulli da ya ɗago a kusurwar gado yana iya kama wuyan riga in yaro ya fara miƙewa yana dafa gefe, balle mu da ake rataya wa yaro laya ko wani zare a wuya, ko a ɗaure masa robar tsotso da igiya don kada ta faɗi. Kusurwa ta zama daidai da sauran gefen, a shafe, kuma duk abin da ke wuyan yaro a cire kafin a kwantar da shi, ko waye ya ɗaura.

Sai katifa, a nan ne mu mata muke yawan faɗawa don tausayi. Za kiga uwa tana danna katifu a shago tana neman wadda ta fi laushi wai kada jikin yaro ya yi ciwo, alhali laushin shi ne haɗarin. Jaririn wata biyu in fuskarsa ta nutse cikin soso bashi da ƙarfin wuyan da zai ɗago, sai ya yi ta shaƙar iskar da ya fitar, kuma ba lallai ya yi kukan da za ki ji ba. Ki danna tafin hannunki a tsakiyar katifar ki ɗage, in ta dawo nan take bata bar shaidar hannu ba to ita ce, in ta loɓa ki ajiye musu abarsu. Ke a jikinki za kiji kamar ta yi tauri da yawa, shi daidai ne a wajensa. Sannan ta cika gadon taf, in yatsunki sama da biyu suna shiga tsakanin katifa da katako to ta yi kaɗan, kuma cusa tawul ko tsumma a ramin ba gyara bane. Abin da ke jawo haka shi ne a yi gado daban a sayo katifa daban ba tare da awo ba. Na kanti yawanci awo biyu ne, ƙaramin santimita 60 da 120, babban wanda ake cire gefensa daga baya ya koma gadon yaro shi kuma 70 da 140. In kafinta zai miki, fara sayen katifar ki kai masa ya yi gadon a kanta, ko ki auna cikin gadon ki kai wa masu yanka soso su yanka daidai, ki ce musu mai ƙarfi kike so.

Sai ledar da katifa ke zuwa da ita da muke bari a jikinta, nasan dalilinmu, fitsari. Amma siririyar ledar nan tana yagewa ta manne a hanci da baki. A cire ta gaba ɗaya, a sa makintosh mai kauri, a ɗora zanin gado mai roba a baki wanda ke kama katifa tam baya tattarewa.

Yanzu ga wanda nasan za a yi min ca a kai. Set ɗin nan da ake haɗowa cikin kayan barka, ɗan filo mai leshi, bargo mai kauri, katangar soso da ake zagaye cikin gado ana ɗaurewa da igiyoyi, da tedi guda biyu a kusurwa. Duk a kwashe. Gadon jariri har ya shekara ba a son komai a ciki daga katifa sai zanin gado sai shi kansa. Katangar soson nan an ƙirƙiro ta ne wai don kada yaro ya buge kai, to buguwar da jariri zai yi a katako bata wuce ɗan kuka, amma in ya mirgina fuskarsa ta manne a soson ko igiyar ta naɗe shi magana ta sha bamban, in ya girma kuma ita zai taka ya haura. A Amurka har doka aka sa wa hannu a 2022 da ta hana sayar da ita, tare da irin gadajen nan masu gangara da ake kishingiɗar da jariri. Dama tun 2019 kamfanin Fisher-Price ya janye nasa mai suna Rock 'n Play, guda miliyan 4.7, bayan an danganta shi da mutuwar jarirai sama da 30. Matsalar gangara ita ce kan jariri yana rinjayowa gaba haɓarsa ta danne ƙirji hanyar iska ta matse. Shi yasa kujerar mota da kujerar lilo ba wajen kwana bane, in barci ya ɗauke shi a ciki kina isa gida ki mayar da shi shimfiɗa a miƙe.

Filo kuma ni da Innata mun sha fama. Ita a ganinta filo ne ke gyara wa yaro ƙeya, kuma in an kwantar da shi rigingine tumbiɗi zai sarƙe shi, gara ruf da ciki ko a gefe a tokare da zani. Ban yi mata gardama a gaban mutane ba, da dare na lallaɓa nace Inna a asibiti cewa suka yi a bayansa, tace ku dai 'yan boko, mu da muka raine ku fa? Gaskiya ne sun raine mu, amma bayanin a fili yake: in yaro yana rigingine hanyar iska ce a sama hanyar abinci a ƙasa, abin da ya taso sai ya koma inda ya fito, in yana ruf da ciki kuwa abin juyewa yake. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta fara ba da shawarar a daina kwantar da jariri ruf da ciki a 1992, aka yi babban gangami a kai daga 1994, kuma mutuwar farat ɗaya ta jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi a can. Maganar ƙeya kuma, in idonsa biyu kina zaune kusa ki dinga kifa shi na 'yan mintuna yana ɗaga kai, ga goyo da muke yi dama yana hutar da ƙeyar. In ya kai lokacin da yake juyawa da kansa gaba da baya ba sai kin kwana kina gyara shi ba, ke dai ki fara ajiye shi a bayansa.

Gadon gwanjo. Ban hana ba, wasu ma sun fi sababbin ƙwari, amma ki kula da wanda gefensa ɗaya ke zugewa ƙasa a ɗago shi. Mai kaya zai nuna miki shi a matsayin abin burgewa, Hajiya kinga ba sai kin sunkuya ba, alhali an hana yin irinsa da sayar da shi a Amurka tun 2011 saboda ƙarfen zugewar yana saki, gefen ya buɗe rami, yaro ya faɗa tsakaninsa da katifa, an ƙirga jarirai 32 da suka rasu ta haka cikin shekara goma kafin hanin. Irin kayan da aka daina amfani da su a can ai ba ɓacewa suke ba, wasu kwantena suke shiga. In shi kike da shi a sa kafinta ya kafe gefen da noti ya daina motsi kwata-kwata, in kuma akwai hali a canja shi ya fi. Ki girgiza gadon da hannu biyu, in yana rawa ko noti ya ɓace an ɗaure da waya ki wuce. Ki leƙa lungunan da fitilar waya saboda kuɗin cizo. Katifar gwanjo kam ni bana saye, sabuwa ake yi wa kowane yaro in da hali.

Fenti ma abin dubawa ne don yaro in dasashi ya fara ƙaiƙayi gefen gadon yake gwaguya kamar ɓera. Tsohon fenti mai ɓarewa da fentin mai na ƙofa da taga wasu suna ɗauke da dalma, mu kuwa ba sai an mana bayanin gubar dalma ba bayan abin da ya faru a ƙauyukan Zamfara a 2010, inda ta kashe ɗaruruwan yara ta dalilin haƙar zinare. Ko kaɗan ce tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. Ki ce wa kafinta fentin ruwa kike so wanda aka rubuta babu dalma a gwangwaninsa, ko ya goge katakon da samfefa sosai ya bar shi haka, ki bi da hannu ki tabbatar ba sartse ba kan ƙusa. Kuma a gama aikin tun ciki na wata bakwai ko takwas ya sha iska warin ya fita, ba ana gobe suna a shigo da shi yana ɗanye ba.

Gidan sauro dole ne a wajenmu, wannan ba Turai bace, amma ɗan ƙaramin net ɗin ado da ke zuwa da gado mai sanda ɗaya yana yawan zubowa kan fuskar yaro kuma sauro na shiga ta ƙasa. Mai magani irin wanda ake rabawa a wajen awo ya fi, in sabo ne a shanya shi a inuwa kwana guda tukuna, a ɗaure shi sama sosai a ja shi ya miƙe a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ta yadda hannun yaro ba zai jawo shi ba.

Da hunturu kuma sai kiga jariri cikin riga uku da hula da safa da shawul da bargo, ga kaskon garwashi a ɗaki an rufe taga ga turaren wuta. Zafin da ya yi yawa shi kansa haɗari ne ga jariri, hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki kuwa ko babba yana kayarwa. Kada ki auna da tafin hannunsa ko ƙafarsa, su kullum da ɗan sanyi suke, sa hannu a ƙirjinsa ko bayan wuya, in da gumi a rage. Riga ɗaya a kan adadin da kika sa wa kanki ta isa, hula a cire in za a yi barci a ɗaki. In dole sai an rufa masa, ki kwantar da shi ƙafarsa na taɓa ƙarshen gado, siririn mayafi iya ƙirji a cusa gefensa ƙarƙashin katifa.

Gadon ya zauna a ɗakin da kike kwana aƙalla wata shida na farko, kusa da naki yadda za ki miƙa hannu, amma nesa da labule da igiyarsa, da soket da wayar caja da ta fanka, da tagar da hayaƙin janareto ke shigowa. In za ki tafi wankan gida ki tafi da shi ko ki nemi ƙarami, don yawancinmu gadon yana can gidan miji a gyare an jera masa tedi, yaron kuma yana kwana tsakanin uwa da filo har a yi arba'in, ga gajiyar jego da ke sa mutum barci kamar an ɗauke shi. In gadon mai taya ne a taka birkin.

Na ƙarshe da ake mantawa, yawancin gadajen kanti ƙasansu hawa biyu ne ko uku. Na sama na sabon haihuwa ne don bayanki ya huta, yaro na fara yunƙurin zama wajen wata biyar zuwa shida a sauke shi, kafin ya fara miƙewa tsaye ya zama yana can hawan ƙarshe, daga saman katifa zuwa bakin gado a samu kamar santimita 50. Duk bayan 'yan makonni ki bi notunan ki ƙara ɗaurewa don girgizar yaro tana kwance su. In tsayinsa ya kai wajen santimita 90, ko kika ga ya fara ɗora ƙafa a kan gefen, zamansa a ciki ya ƙare. Autana bai ma kai shekara biyu ba na shigo na same shi a kan gefen kamar mai hawan doki yana min dariya, a daren babansa ya kwance gefe ɗaya muka shimfiɗa tsohuwar katifa a ƙasa ta wajen, sati na farko sau uku ina tsintarsa a kanta da asuba yana ta barcinsa.