Yadda ake yanka haɗin yatsu a kusurwar akwati da jig

Sarƙe yatsun hannayenka biyu ka duba yadda kowane yatsa ya shiga tsakanin 'yan uwansa. Haka haɗin yatsu yake a kusurwar durowa, akwatin kayan aiki ko akwatin kiwon zuma. Ƙarfinsa daga yawan fuskar da gam ke kamawa yake zuwa, shi ya sa yake daɗewa bai buɗe ba ko da ba a buga ƙusa ko ɗaya ba. Ana iya yanka shi da zarton hannu, amma akwati guda mai faɗin santimita 11 yana da gurabu sama da 40, kuma kowanne sai ya zo daidai da ɗan uwansa. Saboda wannan ake haɗa jig, ɗan katakon jagora da ke auna maka tazara da kansa.

Duk aikin jig ya rataya a kan awo uku da dole su zama ɗaya: faɗin gurbin da wuƙar inji ke yankawa, kaurin fegin da ke jikin jig (ɗan guntun katakon da ake ɗora gurbi a kansa kafin a yanka na gaba), da tazarar da ke tsakanin fegin da wuƙar. In ka ga haɗi ya ƙi, ɗaya cikin ukun nan ne ya kauce.

Kafin maganar inji, a fara da katakon. Mafi yawan wanda ake saya wurin 'yan katako a Sakkwato daga kudu ake kawo shi, da sauran ruwa a jikinsa. Ya shigo garin da iskar hunturu ke busar da komai, sai ya tsuke ta faɗinsa, wani ma ya lanƙwashe kamar kwale-kwale. Tsawonsa kuwa kusan ba ya motsi. Ka jera shi a inuwa, da 'yan sanduna tsakanin falanki da falanki don iska ta ratsa, ya samu makonni kafin ka taɓa shi. Daga nan a goge ɓangarorin akwatin huɗu su zama kauri ɗaya, faɗi ɗaya, a daidaita bakin kowanne da sukwaya, wato ma'aunin kusurwa. Maɗaci da iroko suna ba da yatsu masu tsafta. Obeche na da taushi, yana yagewa in wuƙa ba ta da kaifi.

A ɗauki misalin katako mai kaurin milimita 12, da yatsu masu faɗin milimita 10. Sai faɗin katakon ya zama milimita 110, wato kashi 11, don kada ka ƙare da siririn yatsa a gefe, wanda zai karye tun wajen haɗawa.

Ana yin aikin da rauta, wato injin yanka gurbi mai wuƙa da ke juyawa, da aka ɗaure a ƙarƙashin tebur, wuƙarta miƙaƙƙiya mai milimita 10 ta leƙo sama, ko kuma da injin zarto na tebur. Wanda zai yi da injin tebur mai zarto ɗaya ya sani cewa yatsunsa za su zama daidai kaurin yankan zarton, kusan milimita 3, kuma sai zarto mai haƙoran da samansu ke a shafe. Mai haƙoran da ke karkata dama da hagu yana barin 'yan ƙahoni a gindin gurbi, su bayyana bayan an haɗa. Bayanin nan na rauta ne, amma tsarin ɗaya ne.

Ga yadda jig ɗin yake. Yanko filawud mai milimita 12, kamar santimita 30 da 40, ya zama gindin da zai riƙa zamewa a kan tebur. In teburinka na da kwararo, ka ɗaura masa sanda a ƙasa da za ta bi kwararon. Yawancin teburan da ake haɗawa a gida ba su da shi, to sai ka ɗaura sanduna biyu da za su rungumi gefen teburin hagu da dama. Ya zame gaba da baya ba tare da ya yi rawa ko kaɗan ba. Ɗan goga masa kyandir yana taimakawa. A bayan gindin ka tsayar da bango na filawud mai milimita 18, tsayinsa kamar santimita 13, a tsaye cak bisa sukwaya. A gaban wannan bangon ka jingina wani na biyu, ka riƙe shi da kilam, ƙarfen matse katako, tukuna. Shi ne zai ɗauki fegi, shi ne kuma za ka riƙa gusarwa wajen saiti. A can baya, inda wuƙa ke ɓullowa, ka manna kututturen katako ya rufe wurin, domin nan ne babban yatsan mutum ke son zama.

Ɗaga wuƙar ta fi kaurin katakonka da rabin milimita, a auna daga saman gindin jig. Gara yatsu su ɗan zarce a goge su da samfefa, da su gaza a ce sai an goge dukan fuskar akwati. Tura jig ɗin wuƙa ta yanka gurbi a ƙasan bango na biyu. Yanzu ka gyaro sanda ta katako mai tauri, irin kawo ko maɗaci, tsawon santimita 15, ka yi ta gwada ta a gurbin har ta shiga da turin yatsa, ba ta faɗo da kanta. Tsayinta ya ɗan gaza zurfin gurbin. Raba ta biyu. Guntu ɗaya shi ne fegi, a manna shi cikin gurbin ya leƙo gaba da kamar santimita 2. Ɗayan shi ne ma'aunin tazara: kashe inji, ka gusar da bangon gefe, ka sa guntun tsakanin fegi da bakin wuƙa inda ta fi faɗi, ka matse kilam.

Kada ka kai katakon aiki kan jig ɗin da ba a gwada ba. Samo guntaye biyu masu kauri da faɗin na aikin.

Sa alamar fensir a gefe ɗaya na kowane katako, wanda zai zama saman akwati. Kullum daga wannan gefen ake farawa. Tsayar da katako na farko a kan bakinsa, bayansa jingine da bango, gefen mai alama ya taɓa fegi. Tura, ka dawo. Ɗaga shi, ka ɗora sabon gurbin a kan fegi, ka sake turawa, haka har ƙarshe. Katako na biyu da gurbi zai fara, tunda na farko da yatsa ya fara. Juya na farkon ka ɗora gurbinsa na farko a kan fegi yadda yatsansa na farko zai cike tazarar da ke tsakanin fegi da wuƙa, ka manna gefen katako na biyu mai alama a jikinsa, ka yanka. Cire na farkon, ka ci gaba kamar da.

Haɗi mai kyau yana shiga da turin hannu, ko ɗan bugu da tafin hannu, kuma in ka ɗaga shi ba ya zarewa. In sai da guduma, ya yi tsauri, kuma da zarar gam ya jiƙa katakon zai ƙi shiga ko ya tsage. Maganinsa a matso da fegi kusa da wuƙa, yatsu su rage kauri. In yana rawa, a nisanta fegin. Gusarwar ba ta wuce kaurin takarda ba, kusan kashi ɗaya cikin goma na milimita. Dabara mai sauƙi ita ce ka matse ɗan katako a jikin ƙarshen bangon, ka sa ko ka cire takarda ɗaya tsakaninsu, sannan ka tura bangon ya taɓa. Bayan kowane gyara ka datse bakin guntayen ka sake gwaji. Sai ya zauna sannan ka ɗaure bangon da sukuru.

Jig ɗin da ka saita a watan Agusta ba shi za ka tarar a Janairu ba. Fegi da sandunan ƙasa katako ne, suna kumbura da damina, su tsuke da hunturu. Fegin da ya tsuke yana barin katako ya motsa a kansa, kowane gurbi ya ɗan kauce, har yatsu su daina fuskantar juna. Duk ranar da ka sauko da jig daga rataye, ka fara da gwaji.

Sauran matsalolin ƙanana ne. In bayan katako na yagewa, ramin da ke bango ya faɗaɗa, sai ka sa siririn filawud sabo a bayan aikin. In zurfin gurabu ya bambanta, garin katako ne ya taru ƙarƙashin aikin, ko wuƙar rauta tana zamewa don ba a ɗaure ta sosai ba. Baƙin ƙuna a gurbi kuma daga dakushewar wuƙa ne ko yawan jinkiri wajen turawa. Garin iroko da na maɗaci na damun hanci da ƙirji, a sa takunkumi. A naɗe hannun riga. In aka ɗauke wuta ana cikin yanka, a kashe makunnin inji nan take kafin a taɓa komai.

Wajen shafa gam ne zafin Sakkwato ke cin mutum. A watan Afrilu, da zafi ke haura digiri 40, farin gam yana yin fata cikin 'yan mintoci, ga kusurwa huɗu kowace da yatsu 11. Yi haɗin da sassafe a inuwa. Haɗa akwatin ba gam tukuna, ka tanadi kilam a buɗe daidai awo, ka sa yaron shago ya riƙa shafa ɓangare ɗaya da ƙaramin buroshi kana shafa ɗayan. Katakon da za ka sa ƙarƙashin kilam ya zauna bayan layin yatsu, domin in ya hau kan yatsun da suka zarce ba zai matse komai ba. Auna akwatin daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu, awon ya zo ɗaya. Goge gam ɗin ciki da jiƙaƙƙen tsumma tun bai bushe ba, ka bar shi ya kwana kafin samfefa.

In za ka yanka kwararon da gindin akwati zai shiga, ka tuna zai fito a matsayin ɗan rami mai kusurwa huɗu a bakin yatsa. Ko dai ka tsayar da rauta kafin ta kai ƙarshen katakon, ko bayan haɗawa ka toshe ramin da ɗan guntu daga katako iri ɗaya, ka shafa gam, ka datse shi daidai da fuska.