Yadda za ka karanta tarihin Amurka a jikin gine-ginenta daga salularka

Ba sai ka samu biza ba, mega kaɗan ya isa. Ka buɗe Google Maps ka shiga Street View, in kuma rezo na wasa da kai kamar yadda ya saba da yamma a nan Maradi to hotunan Wikipedia ma sun wadatar. Kowane gini ka gani ka yi mai tambaya ukku: wa ya biya kuɗin, wa ya ɗauki bulo a kai, wa aka hana shiga bayan an gama.

Fara da Taos Pueblo a jihar New Mexico. Ginin ƙasa ne, bene kan bene, 'yan asalin ƙasar suka gina shi tun Turawa ba su zo ba, kuma har yau akwai mutane ciki suna yi mai yaɓe. UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1992.

Daga nan sai White House, fadar shugaban Amurka a Washington. An aza harsashinta a 1792, shugaban da ya fara kwana ciki John Adams ne a 1800. Dubi farin ginshiƙan nan, salon Girka da Rum ne, sabuwar ƙasa ce ke son a ce ita ta gaji tsoffin jamhuriyoyi. To yi tambaya ta biyu. Bayi baƙar fata na cikin waɗanda suka fasa dutsen suka gasa bulon, ladan kuma iyayengijinsu aka biya. Haka Monticello a Virginia, gidan Thomas Jefferson shugaban Amurka na ukku, mutumin da ya rubuta cewa an halicci mutane daidai amma ya mallaki bayi fiye da 600 a rayuwarshi. Kar ka tsaya kan hoton gaban gidan da kowa ke sawa, ka nemi Mulberry Row, layin da bayin ke kwana suna ƙira da sassaƙa, kuma ka lura yadda aka nutsar da madafa da ɗakunan aiki ƙarƙashin baranda don kada baƙo ya ga mai hidima. Ni dai a ganina nan ne gidan ke faɗin gaskiya.

Sai ka tsallaka Chicago. Gobarar 1871 ta cinye tsakiyar garin, kamar dai yadda ambaliyar 1945 ta tada tsohon Maradi aka koma tudu aka yanka sabbin layuka, masifa ce ta ba magina fili. Fili ya yi tsada, asansar ta kamfanin Otis ta riga ta samu, sai aka koma gini sama. Home Insurance Building na 1885 hawa 10 ne, ƙarfe ke ɗauke da nauyin maimakon bango, an rushe shi a 1931 sai dai tsohon hoto. A wannan shekarar aka buɗe ginin Empire State a New York, hawa 102, daidai lokacin da tattalin arziki ya karye, ofisoshi da yawa suka zauna ba mai haya.

Zane ma da tambayoyin nan za ka bi shi. Nemi aikin mai zane Jacob Lawrence na 1940 zuwa 1941, allo 60 kan ƙaurar baƙaƙe daga kudu zuwa biranen arewa, wajen mutum miliyan 6 suka yi wannan tafiya kafin 1970. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, kar ka yi sauri, ka ƙirga sau nawa tashar jirgin ƙasa ke dawowa.

In mega ya rage ka rubuta Levittown New York. Unguwa ce mai gidaje sama da 17,000 kusan kala ɗaya, an fara su a 1947 don sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu, da sauƙin biya sosai, amma takardar gidan ta ce sai farar fata. Street View ba zai nuna maka wannan ba, ciyawa da motoci kawai za ka gani, sai ka koma Wikipedia ka karanta sharaɗin da aka rubuta a takardar.