Kurakuran masu tara tsofaffin zanen barkwancin yaƙi na Ingila

Kuskuren da ya fi cinye kuɗin sabon shiga shi ne ya ga shekara a gindin zane ya ɗauka shekarun takardar ke nan. Ɗauki zanen James Gillray na 1805, inda firaministan Ingila William Pitt da Napoleon na Faransa ke zaune a teburi, ɗaya da wuƙa ɗaya da takobi, suna yankar duniya kamar an kawo musu ita a akushi. Bugun farko daga shagon Hannah Humphrey ya fito a Landan, da hannu aka shafa masa launi. To amma farantan tagullar da aka sassaƙa zanen a kansu ba su bi Gillray kabari ba a 1815. Daga baya sun faɗa hannun mai buga littattafai Henry Bohn, ya sake bugawa tsakanin 1847 da 1851, tsohuwar shekarar da sunan Humphrey na nan daram.

Maganin abin shi ne ka juya takardar. Bugun Bohn yakan zo da wani zanen a bayansa, da ƙaramar lamba a kusurwar sama. In dillali ya ƙi ciro shi daga firam ka ga bayan, riƙe kuɗinka. Na Bohn ba jabu ba ne, ni kaina ina son su, farashin na asali ne dai bai kamace su ba.

Haka shafukan mujallar barkwanci ta Punch, wadda aka kafa a 1841. Dubbai aka buga, yawancin na kasuwa kuma yanko su aka yi daga kundin da aka ɗinke. Alƙalamin John Tenniel, mai zanen mujallar, bai taɓa wannan takardar ba, masassaƙa ne suka sassaƙa zanensa a kan katako aka buga. Saya da araha.

Wani kuskuren shi ne raba zane da labarinsa. A farkon Fabrairun 1885 Punch ta fito da zanen murnar an ceto Janar Gordon na Ingila a Khartum ta Sudan, alhali dakarun Mahadi sun ci garin tun 26 ga Janairu, Gordon ya riga ya mutu. Mako na zagayowa ta fito da na makoki, wai an makara. Wanda ya mallaki ɗaya babu ɗayan, rabin labari ke hannunsa. Ka rubuta rana da abin da ya faru a wata takarda daban, ka ajiye tare.

Sai ajiya. Kada almakashi ya taɓa gefen, can ne sunan mai bugawa da kwanan wata suke. Salatif yana barin tabo ruwan ƙasa da ba ya fita, rana tana cinye launi. Ɗabi'armu ta kai kowace takarda mai daraja a liƙe ta cikin leda da injin zafi kuwa, a nan kashe zane take yi. Shimfiɗe shi tsakanin takardu marasa asid, nesa da bango mai danshi, kana leƙawa da damina saboda gara.