Yadda Ake Gano Inda Matsala Take Idan Manhaja Ta Ƙi Haɗuwa

A watan Afrilun da ya wuce, ana tsakiyar zafin nan na Katsina, wani ƙanena da ke karatun kwamfuta ya iske ni a shago wajen Ƙofar Ƙaura, laftof a hammata, fuska a murtuke. Ya ce, "Yaya, sau uku ina goge komai ina sake saukewa, data ta ƙare, abin nan bai haɗu ba." Na ce ya nuna mini abin da kwamfutar ta rubuta. Ya ce bai karanta ba, jan rubutu ne kawai ya cika allo. Da muka duba, layi ɗaya ne matsalar, kuma gyaransa bai ci ko megabait ɗaya ba.

Abin da muke kira kompaila, wato manhajar da ke haɗa rubutun mai shiri ta mayar da shi abin da kwamfuta za ta iya gudanarwa, ba abu ɗaya ba ne. Ka ɗauki babbar riga: akwai mai yanka, akwai mai aikin zare, akwai mai haɗa ɗinki, sannan a kai wa masu bugu. Idan riga ta fito a karkace, ba ka ƙone ta ka sayi sabon yadi, tambaya kake a hannun wa ta lalace. Haka sanannun kompailoli irin su GCC da Clang suke. Akwai mai share fage da ke jawo fayilolin .h, akwai kompaila da kansa da ke mayar da rubutun yaren C zuwa yaren furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, akwai mai mayar da wannan yare zuwa lambobi, sai na ƙarshe, linka, wanda ni nake kira maɗinki, domin shi ke ɗinke guntayen da laburare, wato tarin aikin da wasu suka riga suka rubuta, su zama shiri guda.

Mataki na farko: karanta kuskure na farko, ba na ƙarshe ba

Gungura sama har inda kalmar error ta fara fitowa. Kuskure ɗaya kan haifi hamsin a bayansa, kuma na ƙasa yawanci ihu ne kawai na waɗanda aka bari a hanya. Idan kana haɗawa da hannaye da yawa a lokaci guda, saƙonni kan cakuɗe, don haka sake gudu da make -j1, wato make, mai jagorantar haɗin, ya yi aikin ɗaya bayan ɗaya, ka ƙara VERBOSE=1 idan manhajar CMake ce ta shirya wa make fayilolin, don ka ga ainihin umarnin da aka bayar.

Saƙon da kansa zai faɗa maka hannun da ya yi ɓarna. Idan ka ga No such file or directory a kan fayil ɗin .h, tun a wurin yanka aka tsaya: ko ba ka saka kunshin da sunansa ke ƙarewa da -dev ba, ko ba ka nuna hanyar da -I ba. Idan ka ga undefined reference to, rubutunka ya fassaru lafiya, maɗinki ne ya rasa wani ƙyalle. Wannan shi ya kama ƙanena. Ya rubuta -lm, wato umarnin jawo laburaren lissafi, kafin sunan fayil ɗinsa, alhali maɗinkin GNU daga hagu zuwa dama yake karatu, yana neman laburare ya zo bayan wanda ke buƙatarsa. Muka mayar da -lm ƙarshen layi, shi ke nan. Idan kuwa cannot find -l wani abu ka gani, laburaren ne babu shi a inda ake dubawa, sai ka nuna wurin da -L.

Idan kana shakka, tsayar da aikin a kowane hannu: gcc -E ya tsaya bayan share fage, gcc -S bayan fassara, gcc -c kafin ɗinki.

Mataki na biyu: tabbatar da wanda ke yi maka aikin

Kwamfutocinmu yawanci na hannu ne, sun bi ta hannun mutane da yawa, kowa ya saka nasa ya tafi. Za ka samu GCC iri biyu ko uku a kwamfuta ɗaya, da Java iri huɗu. Tambayi kwamfutar kai tsaye: which gcc a Linux, where gcc a Windows, sannan gcc --version da gcc -dumpmachine. Na ƙarshen nan zai ba ka suna mai gaɓoɓi irin x86_64-linux-gnu ko x86_64-w64-mingw32, wato irin furosesa da irin tsarin da yake yi wa ɗinki. Riƙe wannan suna, za mu dawo kansa.

Masu Android Studio da Flutter, naku ciwon yawanci Java ne. Idan Gradle, mai haɗa manhajojin Android, ya ce Unsupported class file major version ya bi da lamba, cire 44 daga lambar, abin da ya rage shi ne zubin Java ɗin: 52 na nufin Java 8, 55 Java 11, 61 Java 17, 65 kuma Java 21. Ma'anar saƙon ita ce Gradle ɗinka ya tsufa da ya karanta abin da wannan Java ya samar. Ko ka ɗaga Gradle, ko ka nuna masa tsohon Java ta JAVA_HOME. Ka kuma sani cewa daga zubi na 8.0, abin haɗa Android na Gradle ba ya aiki da ƙasa da Java 17.

CMake kuma yana da hadda. Ranar farko da ya ga kompaila sai ya rubuta shi a CMakeCache.txt, ko ka sauya daga baya yana nan kan na da. Goge foldar haɗin kawai, ba kayan aikin ba, ka sake farawa.

Mataki na uku: duba lafiyar kwamfutar kanta

Wannan ba za ka cika ganinsa a bayanan Turawa ba, don ba irin rayuwarsu ba ce. An ɗauke wuta ana tsakiyar saukar da Gradle, fayil ya sauka rabi, gobe ka ga zip END header not found. Shiga .gradle/wrapper/dists a foldarka ta gida ka goge wannan zubin kaɗai. In an ɗauke ta ana tsakiyar haɗi, maɗinki zai iya cewa file truncated ko file format not recognized a kan wani fayil ɗin .o, sai ka yi make clean.

Idan make ya ce Clock skew detected, duba agogo. Ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke cikin tsohuwar laftof ya mutu, kwamfutar tana farkawa a shekarar da ta wuce tuntuni. Shi make da lokacin fayil yake gane abin da ya sauya, don haka agogo mara daidai na sa ya tsallake abin da ya kamata ya sake haɗawa. Wannan agogon kan sa saukar da kaya daga intanet ta ƙi ma, a ce takardar shaidar shafi ba ta inganta ba.

Sai Killed signal terminated program cc1plus. Ba laifin rubutunka ba ne, ram ne ya ƙare, Linux ya kashe mai ci da yawa. A laftof mai gigabait 4, rufe burauza, koma -j1 ko -j2, ka ƙara wurin musaya a faifai, wato swap, wanda ke rage wa ram nauyi. Amma idan kompaila yana faɗuwa yau a wannan fayil, gobe a wancan, ba tare da ka taɓa komai ba, zargi zafi ko ram mai rauni. Ɗaga laftof daga kan katifa, a busa mata ƙurar hunturu, ka bar manhajar memtest86+ ta kwana tana gwajin ram idan akwai wuta.

Mataki na huɗu: wa kake yi wa ɗinkin?

Nan ne aikin yake da zurfi. Laftof ɗinka kusan tabbas x86_64 ce, waya kuwa da Raspberry Pi duk ARM ne, yarensu daban. Idan ka haɗa shiri a laftof ka kwafa shi zuwa Pi, abin da za ka gani shi ne Exec format error. Kafin ka yi gardama da kowa, rubuta file da sunan shirin, zai gaya maka ko x86-64 ne, ko ARM aarch64, ko ARM mai bit 32.

Don haɗa wa ARM daga Ubuntu ko Debian, saka gcc-aarch64-linux-gnu na bit 64, ko gcc-arm-linux-gnueabihf na bit 32, ka kira shi da cikakken sunansa, aarch64-linux-gnu-gcc. Kuskuren da aka fi yi shi ne a samu kompailan daidai amma ya riƙa jawo laburaren laftof. Alamarsa skipping incompatible ko file in wrong format. Magani shi ne ka kwafo foldojin lib da usr na na'urar da kake nufi, ka nuna su da --sysroot, ko a CMake ka rubuta ɗan fayil guda da ke faɗin sunan tsarin da kompaila da wannan folda, ka miƙa shi ta CMAKE_TOOLCHAIN_FILE. Ba sai na'urar na hannunka ba kafin ka gwada: qemu-aarch64 -L /usr/aarch64-linux-gnu zai gudanar da shirin a laftof ɗinka, a hankali dai, amma zai gudu.

Akwai kuma GLIBC_2.34 not found da 'yan'uwansa. Glibc shi ne babban laburaren C na Linux, kuma Ubuntu 22.04 da glibc 2.35 yake zuwa, 20.04 kuma da 2.31. Abin da aka haɗa a tsoho yana gudu a sabo, amma na sabo ba lallai ya gudu a tsoho ba. Don haka ka haɗa a kan mafi tsufan tsarin da kake son tallafawa.

A Android, sunayen ARM ɗin su ne armeabi-v7a na bit 32 da arm64-v8a na bit 64. Tun Agustan 2019 Google Play ke neman manhaja ta zo da na bit 64, wannan ya sa wasu suka watsar da na bit 32 gaba ɗaya. A ganina wannan ganganci ne ga wanda ke yi wa mutanenmu aiki. Da yawa daga cikin ƙananan wayoyi masu araha da ke hannun 'yan kasuwa da manoma daga nan har Daura da Mai'aduwa, tsarin bit 32 suke gudu a kai, ko da furosesan cikinsu zai iya fiye da haka. Manhajarka ta yi kyau a wayarka, ka tura wa kawu ta ƙi shiga. Jona wayar ka rubuta adb shell getprop ro.product.cpu.abilist ka ga abin da take karɓa. INSTALL_FAILED_NO_MATCHING_ABIS ko UnsatisfiedLinkError duk nan suke nuni. Mai Flutter ya yi amfani da --split-per-abi, kowace waya ta samu nata, fayil ɗin kuma ya ragu, ya yi sauƙin turawa.

Wani abu da ya shafe mu kai tsaye: haruffanmu masu lanƙwasa. A UTF-8, ƙ da ɗ da ɓ kowanne bait biyu ne, kuma ƙimar kowane bait ta haura 127. A x86, nau'in char, wanda C ke ajiye bait ɗaya a ciki, yana ɗaukar lamba mai ragi, sai waɗannan su koma ƙasa da sifili. A Linux da Android na ARM kuwa ba ya ɗauka. Shiri ɗaya, rubutu ɗaya, ya tsara sunaye daidai a waya ya birkice a laftof. Rubuta unsigned char ko uint8_t a fili. Haka nau'in lamba na long: bait 8 ne a Linux mai bit 64, bait 4 a Windows. Kompailan Microsoft kuma ka ba shi /utf-8 idan akwai Hausa a cikin rubutun.

Ƙananan abubuwa uku da ke cin yini: Windows bai damu da babban baƙi ko ƙarami a sunan fayil ba, Linux ya damu. Fayil da aka rubuta a Windows kan zo da ƙarshen layi daban, Linux ya ce bad interpreter da alamar ^M, dos2unix ke gyarawa. Sannan idan sunan mai kwamfuta irin Sa'idu ko Mu'azu ne, wannan 'yar alamar da ke tsakiya, ko tazara a sunan folda, tana karya wasu umarnan haɗi. Mayar da aikin wata gajeruwar hanya kamar C:\aiki.

Mataki na biyar: idan mai fassarar nan-take ne

Java, JavaScript, C# da Dart suna da wata dabara ta fassarar nan-take da ake taƙaitawa da JIT. Maimakon a fassara komai tun da wuri, sai a fara gudu a hankali kamar tafinta a kotu, jimla bayan jimla, ana lura da inda ake yawan maimaitawa, sai a fassara wannan wurin zuwa yaren furosesa ana cikin tafiya. Android ma ta yi ta kai-kawo a kan wannan: ta kawo shi a zubi na 2.2 a 2010, ta koma fassara tun da wuri a 5.0 a 2014, sannan ta haɗa biyun a 7.0 a 2016.

Abu na farko, kada ka auna gudun shiri a daƙiƙun farko, bai ɗumama ba tukuna. Kuma kada ka yanke wa manhajar Flutter hukunci a yanayin gwaji, domin can nan-take take fassara, a yanayin fitarwa kuwa an gama fassarar tun da wuri. Gwada flutter run --release a kan waya ta gaske. iPhone ma ba ta barin manhajojin gama-gari su yi fassarar nan-take, shi ya sa dole a kai mata abin a gama.

Idan kana zargin mai fassarar ne ke kawo faɗuwa, kashe shi ka gani: java -Xint, node --jitless, luajit -joff, ko opcache.jit=off a PHP 8. In matsalar na nan, ka wanke shi. In ta ɓace, kada ka yi saurin murna cewa ka kama injiniyoyin Oracle ko Google da kuskure. Sau da yawa zare biyu ne a shirinka, wato sassa biyu masu gudu a lokaci guda, ke rububin abu ɗaya ba tare da kulle ba, jinkirin ne kawai ya rufa musu asiri. Irin wannan ne a C idan shiri na aiki da -O0, wato ba a inganta gudunsa ba, ya lalace da -O2, inda aka inganta: kunna -Wall -Wextra da -fsanitize=address,undefined, yawanci za su nuna maka layin da ka taka wurin da ba naka ba. Idan kuma sabar Java ta yi kwanaki lafiya sannan ta koma tafiyar hawainiya, nemi CodeCache is full a cikin rahotonta. Wurin ajiye fassarar ne ya cika, sai a faɗaɗa shi da -XX:ReservedCodeCacheSize.

Idan duk ka bi waɗannan abin ya ƙi, rage shirin. Kwafe shi wata folda, ka riƙa cire rabi kana gwadawa, har ya rage layi goma ko ashirin da har yanzu ke ba da kuskuren. Wannan guntun, da ainihin umarnin da ka rubuta, da abin da --version da -dumpmachine suka ce, da kuskuren farko a kwafe a matsayin rubutu, su za ka tura wa wanda kake neman taimakonsa. Ƙanena dai har yanzu hoton allo yake turo mini, a karkace, da hasken taga a tsakiya.