In kin ga jini bayan kin daina al'ada, ga abin yi

'Yan uwa mata na Katsina da Daura, akwai wata irin kansar nono da ba ta yin ƙullutu, sai dai wajen ya yi tauri ko kauri, wani lokaci ma kina shafawa ba ki jin komai, a haka takan yaɗu har bakin mahaifa, wata ma sai jini ya ɓalle mata kafin a gano daga nono abin ya taso. Ba kasafai ake samun haka ba amma yana faruwa.

To in kin ga jini bayan kin daina al'ada, ko bayan kwanciya da maigida, don Allah kar ki tsaya shan jiƙe-jiƙe, ki tafi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko babban asibitin Daura. Likita zai duba bakin mahaifa ya ɗebi 'yar tsoka a kai gwaji. Ki ce masa a duba nonuwan duka biyu har da hammata, a yi hoton nono. Ki gaya masa in kan nonon ya shige ciki ko fatar ta koma kamar ɓawon lemu, kuma in an taɓa yin cutar a danginku.

Kunya ce ke hana iyayenmu magana, ke ki raka Inna da kanki.